Shekarar da Muryata Ta Ƙi Ƙetare Rafi

Kwana shida ke nan ba mu ga rana ba. Marka ta zauna mana, yayyafin ba ya ƙarfi ba ya ɗaukewa, tabarma ta yi sanyi, ashana sai an ƙyasta uku kafin ɗaya ta kama. Jiya da yamma ina zaune a zaure ina kallon ruwa yana zuba daga indararo, sai lasifikar masallacinmu ta yi ƙara, aka kira magariba. Na duba agogo, lokaci daidai ne. Amma sai hankalina ya tafi wata markar, shekara goma sha huɗu ko sha biyar baya, wadda azumi ya faɗo a tsakiyarta. A wannan azumin na rasa ladanci, kuma har yau in aka ce in nuna wanda ya jawo mini, ban san inda zan miƙa yatsa ba.

Ni ne ladanin ƙauyenmu a lokacin, can bayan garin Turawa na ƙasar Karaye, kuma gado na yi wajen mahaifina. Lasifika ba mu da ita. An taɓa sayo wata mai aiki da batirin mota, tsawa ta ƙone ta, aka haƙura. Matakalar ƙasa ce guda biyar a jikin masallaci, ka hau, ka toshe kunne, ka ɗaga murya. Ƙauyen namu kuwa rafi ya raba shi biyu, akwai gidaje sha biyu a ƙetare, kuma su ne ma'aunin ladan: in mutanen ƙetare sun ji ka, kai ladan ne. Ni suna ji na har da gyaran muryar da nake yi kafin in fara. Ban ɓoye ba, ina alfahari da wannan.

Mahaifina ya bar mini abu biyu, agogon hannu da wata 'yar gora. A gorar ake jiƙa jar kanwa da citta, a kurɓa sau uku kafin kiran assalatu, maƙogwaro ya washe. Haka na gan shi yana yi, haka na yi shekara ashirin da wani abu. Ban taɓa ɗaukar ruwan nan a matsayin abinci ko magani ba. Kayan aiki ne, kamar yadda manomi yake wasa fartanya.

Ciwon ya shigo ne a hankali, tun bazarar shekarar da ta gabaci wancan azumin. Mutane suna kwana a waje saboda zafi, ni ina neman rigar sanyi. Jikina ya yi nauyi, fuskata ta cika, fata ta bushe, in zauna sai gyangyaɗi. A majalisa har tsokanata ake yi, wai Malam Ado ya fara ajiye tumbi, ko Hansai ta canja tukunya ne. Hansai matata ce, ita kuwa ba ta yi dariya ba, don ita take ganin na bar tuwo a kwano. Sai murya ta fara kauri, tana fita da ƙyar kamar an danne ta da tsumma. Na sha maganin zazzaɓi sau biyu, na taifot sau ɗaya, na sha saiwoyi har na gaji. Daga ƙarshe aka tura ni wani babban asibiti a Kano, aka ɗebi jini.

Likitan farko saurayi ne mai tabarau. Ya taɓa gaban wuyana ya ce, "Baba, akwai wani ɗan nama a nan, tayirod muke ce masa. Naka ya yi sanyi, ba ya fitar da abin da jiki yake buƙata."

Na ce, "Maƙoƙo ke nan?"

Ya ce, "Danginsa ne, amma naka bai kumbura ba."

Ya rubuta mini wata ƙwaya da ba ta kai ƙwayar dawa girma ba. Ya ce ɗaya kullum da sassafe, ciki babu komai, in jira awa guda kafin in ci abinci. Na tambaye shi har yaushe, ya ce har ƙarshen rayuwa. Wannan bai dame ni ba. Na ce, "Likita, ni ladan ne. Muryar fa?"

"Za ta dawo, in sha Allahu. Ka ba ta wata biyu zuwa uku."

Na dawo gida da murna, don umarnin ya yi daidai da rayuwata. Dama ni ba na karyawa sai rana ta fito. In na tashi, sai in jefa ƙwayar a baki, in kora da kurɓi uku daga gorata, in hau matakala. Koko sai bayan awa biyu ma, ba ɗaya ba. Na ce a raina, wannan likita zai yi alfahari da ni.

Daga nan masu shawara suka fara. Ranar kasuwar Karaye na je sayen wani katin maganin, mai kemis ya tambayi yadda nake sha, na faɗa masa. Ya riƙe baki ya ce, "Haba Malam, wane magani ake sha ciki wayam? Olsa kake nema? Ka fara sa wani abu a cikinka." Na yi sati ina bin tasa, zuciyata ba ta kwanta ba, na koma ta likita. Sai ƙanin Hansai, Lawan, da yake aiki a wani ɗakin shan magani wajen Gwangwan, ya zo gaishe mu. Ya karanta takardata da kyau, ya ce, "Malam, ai ciwon nan ba ya son gero. Ba ya son gyaɗa, ba ya son waken suya, ba ya son kabeji. Gishiri ma sai na leda."

Na ce, "To Lawan, me ya rage a ƙauyen nan ban da ƙasa?"

Ya ce shi dai haka aka koya musu. Hansai ta ɗauki maganar ƙaninta kamar yankan wuƙa. Ta dinga auna geronmu tana kaiwa maƙwabta a musanya mata da masara, ana cutar ta a mudu tana gani. Aka hana ni fura, aka hana ni ƙuliƙuli. Ni da aka yaye ni da kunun gero, na koma kallon jikokina suna sha.

Bayan wata biyu na koma Kano. Mai tabarau ba ya nan, wata likita ce mace. Na ba ta labarin gero, ta yi dariya ta ce, "Baba, ci geronka. Wa ya gaya maka?" Amma da ta duba sakamakon jini sai dariyar ta ɗauke. Ta ce kusan babu abin da ya motsa. Ta ƙara mini ƙarfin ƙwayar, ta ce in dawo bayan sati shida. Na dawo, na tarar da likita na uku, shi ma ya ƙara. Kowannensu tambaya ɗaya yake yi, "Kana cin abinci kafin ka sha?" In ce a'a, kuma gaskiya nake faɗa. A gida kuwa Lawan ya ce likitar yarinya ce, ba ta san gero ba. Hansai ta rasa wanda za ta bi, sai ta raba gardama, kwana ɗaya gero, kwana ɗaya masara.

A haka azumi ya same mu, a tsakiyar marka. Wanda bai yi azumin marka a ƙauye ba zai ɗauka sauƙi ne, tunda babu rana babu ƙishirwa. Yunwa ce matsalar. Rumbu ya kai gindi, sabon gero ya fitar da kai amma bai nuna ba, masara tana goyo. Da asuba ɗumamen tuwon dawa ne da miyar kuka, in an samu. Gari na wayewa a fita gona, masu maimai suna yi, masu dashen dawa suna bin yayyafi, don dashe ba ya jira. Taɓo ya kama ƙafa, riga ta jiƙe ta manne a baya, sauro ya biyo ka har cikin kunya. Da azahar a dawo a miƙe a zaure. Mata kuwa tun la'asar suna fama da ɗanyen itace, ido yana hawaye, ana dama kunun tsamiya, ana kwaɗa rama ko tafasa da ɗan ƙuli. Gidan da ya samu ƙosai, ranar yara har waƙa suke yi.

Ranar da aka yi gayya a gonar Malam Liman, mu wajen ashirin muka jeru. Da can ni nake ba da waƙar noma, sauran su amsa. Ranar nan kowa ya kai ƙarshen kunyarsa ya juyo, ni ina tsakiyar tawa, ina rawar sanyi. Sabi'u tela, wanda yake da shago a bakin masallaci, ya ƙarasa tasa ya faro tawa daga ɗaya bakin, muka haɗu a tsakiya. Na yi masa godiya, amma kunya ta kama ni har cikin ƙashi.

Maganar shan ƙwaya a azumi kuwa, a nan kaina ya gama kullewa. Likita na uku ya ce in tashi awa guda kafin sahur in sha. Lawan ya ce a'a, da buɗa baki ake sha, a jira rabin awa kafin a ci wani abu. Wani ɗan garinmu da yake aiki a Kano ya tambayo mini wani likitan ta waya, shi kuma ya ce lokacin kwanciya ya fi, amma sai ciki ya yi awa uku ba a sa masa komai ba. To mu da sai an sauko daga asham ake cin tuwo, yaushe awa uku za ta samu? Na gwada ta farko kwana biyar, na gwada ta biyu kwana biyar, na gwada ta uku na kwana da yunwa. Abu ɗaya ne bai canja ba, gorata tana rataye a kafaɗa, da ita nake korawa. Kuma da na ga muryar tana ƙara dushewa, sai na ƙara kanwar. Ruwan ya yi ja, har santsi yake a harshe.

A lokacin akwai rediyo, wasu ma suna da waya, amma dattawanmu ba sa shan ruwa da kiran rediyo. Suna cewa ranar Kano daban, tamu daban, sai ladan ya kira. Balle a marka, da gajimare ya rufe yamma, ba mai iya cewa rana ta faɗi.

Ranar sha bakwai ga wata na hau matakala, yayyafi yana dukan fuskata. Na duba agogo, na kurɓi gora, na toshe kunne. Kabbara ta farko ta fita a shaƙe. Ta biyu ta tsaya a wuya. Na yi tari, na sake, sai iska kawai. Na ƙarasa kiran da wata murya da ko akuyar da ke fake a gindin katanga ba ta ɗaga kai ba. Waɗanda suke cikin masallaci sun ji, suka sha ruwa. Na sauko ina gaya wa kaina ƙila iska ta kai musu ƙetare.

Washegari da hantsi Baba Ɗanjuma ya ƙetaro rafi da sandarsa, ruwa har gwiwa. Shi ne mafi tsufa a ƙetare, abokin mahaifina ne. Ya zauna a zaurena, muka gaisa, ya tambayi jiki, ya tambayi iyali, ya tambayi gona. Sannan ya ce, "Ado, jiya mun yi azumi da ƙari."

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Kunu ya huce a gabanmu. Tsohuwar gidana jiri ya ɗebe ta a bakin murhu, Allah Ya tsare ba ta faɗa wuta ba. Sai da duhu ya rufe, muka kasa ganin tafin hannunmu, sannan na ce a sha. Ba faɗa na zo yi ba, ɗana. Na zo in ji ko lafiya."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Bayan la'asar Malam Liman da mai unguwa suka kira ni gefe. Liman ya yi ta zagaye-zagaye, ya yabi mahaifina, ya yabe ni, sannan ya ce, "Malam Ado, mun ga Sabi'u ya riƙe maka, kafin ka warware."

Na ce, "Allah gafarta Malam, a ba ni kwana uku. Ranar Litinin zan koma asibiti, zan tambayo ranar da za ta dawo."

Mai unguwa ya ce, "Ka je ka tambayo. Amma magaribar yau ba za ta jira Litinin ba."

Da yammar nan na tsaya a gindin matakala da agogon mahaifina, na ce wa Sabi'u lokaci ya yi. Ya hau. Muryarsa siririya ce, amma ta ƙetare.

Ranar Litinin na hau babur zuwa Karaye, sau biyu muna sauka muna turawa a taɓo, na shiga bas zuwa Kano da azumi a bakina. Likita na huɗu na samu, babban mutum mai furfura. Ya jera takarduna a tebur, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, kana shan maganin nan kuwa? Jininka kamar na wanda yake zubar da shi."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Likita, shekara ashirin da huɗu garinmu suna salla da maganata, suna shan ruwa da maganata. Yau a kan ƙwayar da ba ta kai dawa ba za a ce ina ƙarya? An ce kar in ci abinci, ban ci ba. An ce in ci, na ci. An hana ni gero, an ba ni gero. An ce asuba, an ce magariba, an ce dare. Ku huɗu ne, kowa da tasa. Ku haɗa bakinku ku gaya mini guda ɗaya." Duk wannan da shaƙaƙƙiyar murya na faɗe shi, rabi ma bai fito ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Ya ba ni haƙuri, ya sake ƙara ƙarfin ƙwayar, ya ce sati shida. Ranar dawowar murya kuwa, ya ce ba ya iya yanka mini.

Na fito na zauna a benci. Wata nas dattijuwa da take jera kati ta ji duk abin da aka yi. Ta matso ta tambayi garinmu, na faɗa, ta ce ita ma iyayenta mutanen Rogo ne, maƙwabtanmu. Ta kalli gorar da ke kafaɗata ta ce, "Malam, ga azumi, me kake yi da gora?"

Na ce ta saba bina ne, ko da magariba za ta riske ni a hanya.

"Ruwa ne?"

"Ruwan kanwa ne da citta, na maƙogwaro."

Ta sake kallon gorar ta ce, "Ƙwayar nan, da me kake haɗiye ta?"

Na ɗaga mata gorar. Ta karɓa ta buɗe, ta sunsuna, ta yamutsa fuska. Ta ja ni muka koma wajen likitan. Shi ma ya sunsuna. Ya ce shi dai bai taɓa karanta komai a kan kanwa da wannan magani ba, amma akwai magungunan ƙwannafi da suke hana shi shiga jiki, kuma kanwa ai aikinsu take yi. Ya ce ƙila ita ce, ƙila ba ita ba ce. In daina, in sha da ruwan randa zalla. Ya soke ƙarin da ya rubuta. Sannan ya ce, "Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?"

Na ce, "Wa ya tambaye ni? Abinci kuke tambaya."

Na rataye gorar a ƙusa a ɗakina. Aka yi salla, aka yanke gero, marka ta ɗaga. Wajen kaka, lokacin yankan dawa, na lura na daina neman rigar sanyi, takalmina ya daina matse ni. Wata rana shanu suka nufi gonata, na daka musu tsawa, sai na ga wani mutum a gona ta uku ya ɗago kai. Na zauna a kan kunya, hawaye yana zubo mini.

To amma kafin nan 'yan garinmu mazauna Kano sun ji labarin azumi da ƙari, sun haɗa hannu sun sayo lasifika mai farantin hasken rana a kan rufi. Da lasifika ko raɗa ka yi ƙetare za su ji. Sabi'u ya saba, mutane sun saba da shi, shagonsa kuma a bakin masallaci yake. Ba wanda ya ce an cire ni, ba kuma wanda ya ce in dawo. Ni ma nauyin baki ya hana ni in je in ce na warware. Lawan har gobe yana cewa barin gero ne ya yi aiki a hankali. Wani likitan da na gani daga baya ya ce ƙila ƙwayoyin farko ne suka lalace da zafi a kanti. Ni dai ina shan abata kullum da ruwan randa, ina cin gerona, ban san wa ya yi gaskiya ba.

Sau ɗaya na sake kira. A damina ta uku bayan nan ne, ruwa ya tsare Sabi'u a kasuwar Rogo, batirin lasifika kuma ya mutu don kwana huɗu babu rana. Magariba ta yi, ana ta kallon-kallo. Malam Liman ya ce, "Malam Ado, bismilla." Na hau, na toshe kunne. Murya ta fita. Ta fita tas, har na ji ta dawo mini daga bakin rafi. Da aka idar da salla na ga mutum uku na ƙetare a sahun baya, wandunansu a jiƙe.

Na shiga gida ina taka ƙasa da ƙarfi. Hansai tana naɗe sallayarta. Shekara ashirin da huɗu tana jin kirana, har takan ce tun daga kabbarar farko take gane ko na ƙoshi ko ban ƙoshi ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina jira ta fara magana.

Ta ajiye mini kwanon tuwo, ta ce, "Malam, baƙo aka yi a masallaci? Wanda ya kira sallar nan muryarsa da daɗi. Ka tambayi garinsu kuwa?"